Waƙa dubu a waya, guda ta gagara nemowa: Yadda ake tsara taskar sauti

Katin memori mai giga 32, irin wanda ake saya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ko a rumfunan masu tura waƙoƙi na Kaduna da Sakkwato da Abuja, yana ɗaukar sautin da ya kai kimanin awa 500 idan ingancinsa matsakaici ne. Lissafin ba shi da wuya, domin minti ɗaya na fayil ɗin MP3 da aka matse a mizanin 128 yana cin kusan megabayit ɗaya. Wato abin da a da sai an tara kaset sama da 300 masu minti 90 kafin a same shi, yau ya tattaru a kan ɗan abin da bai fi farcen yatsa ba.

Sai dai yawan ya zo da tasa wahalar. Ɗan kasuwa na zaune a shagonsa a Kantin Kwari, sai wata waƙar Ɗanƙwairo da mahaifinsa ke so ta faɗo masa a rai. Ya tabbata tana cikin wayarsa, domin da kuɗinsa aka tura masa ita. Ya buɗe manhajar sauraro, abin da zai tarar shi ne dogon jeri na Track 01 da Track 02 da AUD-20240312-WA0007, a sashen mawaƙa kuwa fiye da rabin kayan na jibge a ƙarƙashin rubutun Turanci da ke cewa ba a san mawaƙin ba. Kafin ya gama lalube mai saye ya shigo, sha'awar ta wuce. Shi kuwa ma'aikacin da ya ɗauko hanyar Kaduna daga Abuja ranar Juma'a da yamma, ya soka filashi a rediyon mota ana sauraron tafsiri, karatu na ƙarewa sai ga waƙar soyayya ta fim ta ɓarke, alhali surukinsa na zaune a kujerar gaba.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗora laifin a kan manhaja, a goge ta, a sauko da wata. Sabuwar ma ta nuna abin da tsohuwar ta nuna, domin dukansu daga rijiya ɗaya suke ɗiba. Ga shi kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, abin da mutum ya ajiye a hannunsa ya ƙara daraja a kan sauraro kai tsaye ta intanet.

Suna biyu ga kowace waƙa

Kowace waƙa da ke cikin kwamfuta ko waya tana da suna iri biyu. Akwai na waje, wato sunan fayil, wanda ake gani idan an buɗe folda. Akwai kuma na ciki, wani ɗan katin shaida da aka cusa a jikin fayil ɗin, mai gurabe na sunan waƙa da mawaƙi da kundi da shekara da nau'in kiɗa. Mai sayar da atamfa zai gane bambancin nan take: abin da aka rubuta da maka a bayan dila daban, tambarin kamfani da lambar zane da ke gefen turmi daban. Na bayan dila ana iya goge shi a sake wani, na gefen turmi kuwa yana bin zanen duk inda aka kai shi.

Manhajojin sauraro, daga Windows Media Player da iTunes da MusicBee a kwamfuta har zuwa VLC da waɗanda ke zuwa da wayoyin Android, na cikin suke karantawa idan za su jera waƙoƙi. A karon farko da aka nuna wa manhaja folda, takan bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe abin da ke katin kowanne, ta rubuta a wani littafi nata tare da adireshin inda fayil ɗin yake zaune. Wannan littafi shi ne taskar da mai sauraro ke gani a allo. Kamar littafin kaya na shago yake, yana faɗin abin da ke akwai da kantar da yake kai, amma kayan suna can inda aka ajiye su. Idan babu komai a gurbin mawaƙi, to ko da an rubuta Shata da manyan baƙaƙe a sunan fayil, manhaja za ta jefa waƙar cikin tarin waɗanda ba a san mai su ba.

Shi fasalin MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus suka jagoranci samar da shi, aka kuma fitar da shi a matsayin mizani na duniya a 1993, bai zo da wurin rubuta suna ba. A 1996 ne wani mai suna Eric Kemp ya ƙirƙiro dabarar liƙa bayit 128 a ƙarshen fayil, wadda aka sa wa suna ID3. Wurin ya yi ƙunci ƙwarai: harafi 30 ga sunan waƙa, 30 ga mawaƙi, 30 ga kundi, 4 ga shekara, 30 ga ƙarin bayani. Wanda ya rubuta "Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina" zai ga an datse shi a "Kats", domin haruffan da tazararsu 33 ne. Nau'in kiɗa kuwa ba a rubuta shi, lamba ake zaɓa daga jerin nau'o'i 80, kusan dukansu na Amurka da Turai. Mai kalangu ko kotso ba shi da mazauni a ciki, sai dai a cusa shi a gurbin da suka kira na kiɗan ƙabilu.

A 1998 aka fito da ID3 na biyu, wanda ke zama a farkon fayil. Bai ƙuntata tsawon suna ba, yana ɗaukar hoton bangon kundi da baitocin waƙa, kuma yana karɓar haruffan harsunan duniya. Shi ake amfani da shi yau, amma tsohon bai mutu ba. Fayiloli da yawa na ɗauke da duka biyun, wani lokaci ma da bayanai masu saɓa wa juna, shi ya sa waƙa kan fito da suna ɗaya a waya ta fito da wani a rediyon mota. Fayilolin M4A da FLAC da Opus suna da nasu tsarin katin, amma aikin ɗaya ne.

To me ya sa waƙoƙin Turawa kan zo da katinsu a cike, na Hausa kuma, musamman na gargajiya, su zo fayau? An gina tsarin ne a kan al'adar kamfanonin faifai: mawaƙi ya fitar da kundi mai suna, a shekara sananniya, da waƙoƙi goma ko sha biyu a jere. Tun a shekarun 1990 aka kafa wani rumbun bayanai a intanet mai suna CDDB, wanda daga baya ya koma Gracenote, da ke gane faifan CD ta yawan waƙoƙinsa da tsawon kowace, ya cika gurabe da kansa. Waƙoƙin su Narambaɗa da Jankiɗi da Shata ba ta wannan hanya suka iso kwamfuta ba. Daga faifan garmaho suka fito, ko daga ɗaukar gidajen rediyo, ko daga rikodar da wani ya ajiye a gaban makaɗa a wurin biki ko ƙofar fada. Daga nan aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset, har wani ya jona rediyon kaset da kwamfuta ya juye, ya ba fayil ɗin sunan da ya ga dama ko ya bar wanda na'ura ta ba shi. Sai 'yan dawunlodin suka karɓa, sai Bluetooth da Xender da WhatsApp. A duk tsawon wannan tafiya babu zangon da aka tsaya aka cika kati.

Na zamani ma ba su tsira ba. Shafukan intanet da ke raba su sukan rubuta adireshinsu a gurbin mawaƙi da na kundi, su manna tambarinsu a wurin hoto, don talla. Sai a ga waƙoƙin Nura M. Inuwa da Ali Jita da Umar M. Shareef sun taru a ƙarƙashin sunan shafi guda kamar shi ya rera su. Waɗanda aka ciro daga bidiyon YouTube kuwa galibi babu komai a katinsu. Akwai manhajoji irin su MusicBrainz Picard masu gane waƙa ta sautinta su nemo bayananta, amma suna yin haka ne kawai idan wani ya riga ya shigar da waƙar a rumbunsu. Ga tsofaffin waƙoƙin Hausa, mai taska ne zai zauna ya rubuta da hannunsa.

Alhaji da baƙaƙe masu lanƙwasa

Kafin a fara rubutun, sai an yanke shawarar sunan da za a kira kowane mawaƙi da shi, a kuma tsaya a kansa. Manhaja ba ta san cewa "Shata" da "Mamman Shata" da "Dr. Mamman Shata" da "Alh. Mamman Shata Katsina" mutum ɗaya ne ba. A wurinta mawaƙa huɗu ne, kowanne da nasa ɗan tarin. Laƙabin girmamawa ma na da nasa rikicin. An koya wa iTunes ta tsallake ƙaramar kalmar Turancin da ke gaban sunan ƙungiya irin The Beatles, ta jera ta a ƙarƙashin B, amma babu wanda ya koya mata Alhaji. Duk wanda ya sa Alhaji a gaban kowane suna zai tarar da rabin makaɗan ƙasar Hausa sun cunkushe a harafin A, su Hajiya Barmani Choge kuma a H. Sabon ID3 yana da wani gurbi na musamman da ake rubuta sunan da za a bi wajen jeri, sunan da ke fitowa a allo kuma ya zauna da laƙabinsa. Sai dai ba kowace manhajar waya ke kula da wannan gurbi ba, don haka mafi sauƙi shi ne a tsaya ga sunan da aka fi sanin mutum da shi, girmamawar a bar ta a baki.

Sai batun ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Tsohon ID3 bai san su ba, domin haruffan harsunan Yammacin Turai aka tanadar masa, shi ya sa "Ɗanƙwairo" kan fito da alamar tambaya ko ɗan akwati a wurin Ɗ da ƙ. Sabon yana ɗaukar su idan an adana katin da tsarin Unicode. Amma ko an adana daidai da saura, domin wanda ya rubuta "Dankwairo" a akwatin nema ba lallai ne a kawo masa "Ɗanƙwairo" ba, kuma wasu manhajojin kan tura duk sunan da ya fara da Ɗ can ƙarshen jeri bayan Z. Akwai masu ganin a haƙura da lanƙwasa gaba ɗaya don sauƙin nema. Hujjarsu na da ƙarfi, sai dai asarar ba ƙarama ba ce a harshen da "ƙafa" da "kafa", ko "ɓari" da "bari", ba abu ɗaya ba ne. Abin da ya fi shi ne a rubuta suna bisa ƙa'ida a gurbinsa, a maimaita shi ba lanƙwasa a gurbin ƙarin bayani, tunda manhajojin kwamfuta da dama suna leƙa can ma idan ana nema.

Gurbin kundi ba shi da wuya ga mawaƙin zamani da ya fitar da albam mai suna. Ga waƙar fim kuma sunan fim ɗin ya wadatar, amma a nan akwai abin lura guda biyu. A Kannywood, kamar a fina-finan Indiya, sau da yawa mai rera waƙa daban ne da jarumin da ake gani yana motsa baki, kuma jama'a kan kira waƙar da sunan jarumin. Gurbin mawaƙi haƙƙin wanda ya rera ne. Sannan idan mawaƙa huɗu ne suka yi waƙoƙin fim ɗaya, manhaja kan fasa kundin gida huɗu, sai an cika wani gurbi da ake kira na mai kundi da suna guda a dukansu. Ga makaɗan gargajiya da ba su yi albam ba, gurbin kundi ya fi amfani idan aka rubuta inda aka samo ɗaukar, misali "Kaset ɗin Baba na 3" ko "Ɗaukar rediyo". Ran da aka yi gardama a kan wata waƙa, wannan ɗan rubutu shi ne shaida.

Shekara kuwa, idan ba a san ta ba a bar gurbin haka nan. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, amma ba abin mamaki ba ne a ga waƙarsu ɗauke da 2021, wato shekarar da wani ya juye ta. Ƙarya ce da za ta bi fayil ɗin duk wayar da ya shiga. Mai son ainihin lokacin da aka yi wata waƙa zai iya duba littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, ko rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗan Hausa.

A gurbin nau'i, sabon tsarin ya ba kowa damar rubuta abin da ya so, saboda haka babu dalilin barin kalmar Turanci a kan kiɗan taushi. Wani ya fi son rabon da aka saba da shi, na fada da na jama'a da na sana'a da na maza irin su dambe, sannan bege da siyasa da fim. Wani kuma da kayan kiɗa yake tunani: kalangun Shata, kuntigin Ɗanmaraya, kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo, taushin Jankiɗi, gurmin Haruna Uji, ƙwaryar Barmani. Kowanne ya yi, muddin ba a gauraya su ba, kuma nau'o'in ba su yi yawan da za a manta da su ba.

Wa aka yi wa waƙar?

Akwai abin da masu tsara ID3 ba su tanadar masa gurbi ba, alhali ta ƙofarsa Bahaushe ya fi shiga waƙa, wato wanda aka yi wa ita. Mai sauraro ba ya cewa a sa masa waƙa ta uku a kundi kaza. Cewa yake a sa masa ta Sardauna, ko ta Sarkin Daura Bashar, ko ta Ado Bayero. Makaɗa da yawa sun yi wa mutum ɗaya waƙa, makaɗi ɗaya kuma ya yi wa ubangidansa da dama. Sunan waƙa kaɗai ma ba ya rarrabewa, domin Narambaɗa na da tasa Bakandamiyar, Shata na da tasa. Mafita ita ce a ari wani gurbi da ba a cika amfani da shi ba, na rukuni, wanda iTunes da MusicBee da foobar2000 duk suna nunawa, a riƙa rubuta sunan wanda aka wasa a ciki. Wanda ya yi haka, da latsawa ɗaya zai ga duk waƙoƙin da aka yi wa Sardauna a jere, daga bakuna daban-daban, abin da mai kaset ba ya samu sai ya kwashe yini yana juye-juye. A duk gyare-gyaren da za a yi wa taskar waƙoƙin Hausa, wannan ne ya fi biyan wahalarsa.

A nan ne kuma ake tafka asara mafi girma. Makaɗin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Yakan ƙara ɗiya, ya rage, ya sako sunan wanda ya yi masa kyauta a wurin, ya mayar wa wani martani. Fayiloli biyu masu suna ɗaya da mawaƙi ɗaya, wannan minti 11 wancan minti 19, wasa biyu ne da aka yi a wurare biyu. Maɓallin nemo maimaici da ke cikin manhaja irin iTunes da suna da mawaƙi yake aiki, zai nuna su a matsayin abu ɗaya. Mai neman wuri a memori ya goge guda, ba tare da sanin cewa wataƙila wadda ya goge ɗaukar wani biki ce da ba ta yaɗu ba. Kafin gogewa sai a dubi tsawon kowace, a saurari farko da ƙarshe. Idan tsawon ya zo ɗaya har daƙiƙa, to maimaici ne, a bar wanda ya fi fita tas a kunne. Girman fayil ba hujja ba ne, domin sautin da aka matse a 128 aka sake juye shi a 320, kunu ne aka sauya wa ƙwarya babba.

Aikin cika katunan ba sai an bi waƙa ɗaya-ɗaya ba. Manhajar Mp3tag, wadda wani Bajamushe mai suna Florian Heidenreich ya rubuta kuma ake samun ta kyauta a Windows, tana ba da damar a zaɓi fayil 200 a rubuta sunan mawaƙi sau ɗaya ya shiga dukansu. Idan sunayen fayilolin na da tsari, misali mawaƙi, sai ɗan layi, sai sunan waƙa, tana iya kwashe su ta zuba a gurabe, tana kuma iya yin akasin haka, ta sauya sunayen waje su dace da na ciki. Ana samun irinta a waya, amma aiki da babban yatsa a kan waƙa dubu ba ya ƙarewa. Gara a ciro memori a sa a kwamfuta. Ba kuma dole ne a gama a zama ɗaya ba, mawaƙin da aka fi saurare shi ake fara gyarawa. Bayan gyara sai a umarci manhaja ta sake bin foldodin, in ba haka ba za ta ci gaba da nuna abin da ke tsohon littafinta.

Idan katunan sun cika, sai a ga amfanin jerin sauraro. Na yau da kullum, wanda ake adanawa da sunan M3U, takarda ce kawai mai ɗauke da adireshin waƙoƙin da aka zaɓa. Akwai kuma mai cika kansa, wanda iTunes ta shigo da shi a 2002, sauran manhajojin kwamfuta ma suna da irinsa. Shi sharaɗi ake ba shi, misali duk waƙar fada da ba a saurara ba cikin wata shida, ko duk abin da aka ba tauraro huɗu zuwa sama. Mai shago zai iya kafa jerin da ya ƙunshi komai ban da nau'in siyasa, domin a lokacin zaɓe ba a san jam'iyyar wanda zai shigo ciniki ba.

Karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi sun cancanci folda tasu da nau'i nasu, nesa da waƙa. A iTunes ana iya yi wa fayil alamar a tsallake shi idan an sa gauraye, a manhajojin waya da dama kuma ana iya ware folda daga taska a riƙa buɗe ta kai tsaye. Lambobi ma sai an kula, domin na'urori da yawa harafi-harafi suke jera suna, ta yadda bayan 1 sai 10, sai 100, sai 101, ita 2 tana can ƙasa. Wanda ya rubuta surori daga 001 zuwa 114, darussan tafsirin azumi kuma daga 01 zuwa 30, tare da shekarar Hijira a gurbin kundi, ya huta. Saƙonnin murya da ke kutsowa cikin taska kuwa, a Android ana hana su ta hanyar ajiye wani fayil marar komai mai suna .nomedia a cikin foldar, sai dai zai ɓoye hotuna da bidiyon da ke wurin su ma.

Rediyon mota duniya ce daban. Da yawansu, musamman tsofaffi, folda suke bi, don haka tsarin waje bai rasa amfani ba: folda ga kowane mawaƙi, a cikinta folda ga kowane kundi, kada a zurfafa fiye da haka. Wasu ba sa bin haruffa ma, suna kunna waƙoƙi ne bisa yadda aka zuba su a filashi. Kuma memorin da ya wuce giga 32 yakan zo da tsarin exFAT, alhali tsofaffin rediyoyi FAT32 kaɗai suka sani, sai su ce babu komai a ciki.

Akwai saiti guda da ya kamata a yi hattara da shi. iTunes da Windows Media Player suna da zaɓin da ke ba manhaja izinin sake jera fayiloli da kanta bisa abin da ke katinsu. Ga wanda katunansa suka cika, alheri ne. Ga wanda nasa ke fayau, manhajar za ta kwashe waƙoƙin da ya sha wahala ya raba folda-folda ta zuba su wuri ɗaya a ƙarƙashin wanda ba a sani ba, ɗan tsarin da yake da shi ya rushe. Haka nan wanda ya sauya wa folda wuri ko suna a bayan idon manhaja zai ga waƙoƙin a jeri amma su ƙi kunnuwa, domin adireshin da ke littafin ya tsufa. iTunes kan sa musu alamar motsin rai. Wajen gogewa ma, manhajar kwamfuta takan tambaya ko daga taska kaɗai za a cire ko har daga na'ura, ta waya kuwa galibi fayil ɗin take gogewa ɗungurungum.

Abin da aka rubuta a kati yana cikin fayil, duk inda aka kwafe shi yana nan. Amma taurari da ƙidayar sauraro da jerin da aka haɗa galibi a littafin manhaja suke, ran da mai gyara ya wanke kwamfuta sun tafi, sai in an fitar da kwafinsu tun da wuri. Waƙoƙin da aka sauke a cikin Spotify ko makamantanta kuwa a kulle suke a cikin manhajar, ba sa shiga wannan taska. Ita kanta memori ba wurin dogaro ba ce, ga jabu a kasuwa masu nuna giga 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, sai an cika su a ga tsofaffin fayiloli sun lalace. Taskar da aka gyara tana bukatar kwafi na biyu a wata na'ura da ba ta kwana wuri ɗaya da ta farko. Idan kuma za a tura wa wani waƙa ta WhatsApp, a tura ta ta sashen takardu maimakon na sauti, domin ta nan ne take isa da sunan da aka ba ta, ba da AUD da jerin lambobi ba.